Ƙafar Kaza a Jikin Ƙarfe

Zuwana Guangzhou na tara ke nan, amma shi ne na farko da na je neman abin da ban san sunansa ba. Takwas ɗin baya duk wandon jins ne ya kai ni. Na san Xintang, garin masu ɗinka jins, kamar layinmu na Kantin Kwari. Na san mai rinin da shuɗinsa ke zuba a wankin farko, na san mai ɗinkin da zai nuna maka zif na ƙarfe ya ɗinka maka na roba. Wannan karon kuwa hoto kawai nake da shi a waya: wani farin ɗaki mai tayoyi, mota na jan sa, Bature da karensa zaune a bakin ƙofa.

Saboda Baba ne. Mahaifina manomi ne, gonarsa tana can bayan Sumaila, da nisa daga inda kwalta ta ƙare. Tun kafin a haife ni, idan kaka ta yi yakan tare a gona, ya kwana a bukka har sai an ɗaure damin ƙarshe. Da ciwon suga ya kama shi, ƙafarsa ta yi miki ta ƙi warkewa, sai na dawo da shi gidana a Kano. Likita ya kafa sharaɗi: ba kwanan ƙasa, ba kwanan bukka, allurarsa kuma dole ta zauna a firji. Kakar bara a kan kujera ya yi ta a ƙofar gidana, yana kallon titi. Ya daina tambayar abinci. Da aka kawo buhunan gero cewa ya yi a wuce da su ciki, ko taɓawa bai yi ba.

Yayata Hajara ta ja ni gefe ta ce, "Sabi'u, ba suga ne zai kashe tsohon nan ba, zaman nan ne." Ita ɗin ce kuma ta rantse ba zai sake kwana a bukka ba tana raye. A tsakanin maganganunta biyu na samo hoton nan. Na nuna wa Baba, na ce kafin yankan gero zan kawo masa ɗaki da gado da firji har bakin gona. Ya daɗe yana kallo, ya miƙo mini wayar ya ce, "Kai da wando ka iya saye."

Na sauka Guangzhou damina na shirin kamawa a gida. Na lissafa kwanakin aiki, da na teku, da na tashar Legas, da na hanya zuwa Kano, na ga ba ni da ko mako guda na wasa.

Sinancina na kasuwa ne: gaisuwa, godiya, tsada, rage. Bai isa a sayi gida da shi ba. Don haka na ɗauki tafinta, wani ɗan garinmu mai suna Awwalu, wanda ya shekara goma sha a can, ya yi tumbi, yana yawo da wayoyi uku. Kuskuren farko nawa ne. A waya na ce masa tirela nake nema, ban tura hoton ba. Muka yi awa biyu a mota, ya sauke ni a wani fili cike da manyan motocin dakon siminti, yana washe baki.

"Alhaji, zaɓi ranka ya daɗe. Mai taya goma sha takwas ko ashirin da biyu?"

Na nuna masa hoton. Ya kalle shi, ya kalle ni.

"Au, gidan yawon Turawa! Alhaji, hutawa za a fara ke nan? Allah ya kai mu matsayinku."

Ban gaya masa don wa nake saye ba. Wanda ya san kana cikin matsi ya san inda zai kama ka.

Washegari ya kai ni wurin da ya rantse mini masana'anta ce ta abokinsa. Gini mai gilashi, sanyi kamar banki, gidaje masu taya guda huɗu suna walƙiya, an yi musu shimfiɗa har da furen roba a kan tebur. Mai wurin ya zuba mana shayi a ƙananan kofuna. Ni kuwa hancina nake saurare. Ba warin fenti, ba warin walda, ba ƙarar guduma. Na kalli hannun mutanen da ke kai da komo, ba mai tabon mai ko ɗaya. Na ce a kai ni inda ake ƙerawa. Mai wurin ya yi murmushi ya ce, "Me wanti, me wanti," wato ba matsala, gobe. Da gobe ta yi aka ce an yanke wuta a masana'antar. Jibi aka ce hukuma na bincike. A rana ta huɗu na ga Awwalu da mai wurin suna taɓa waya a ƙarƙashin tebur, suna nuna wa juna lamba.

A mota na ce masa, "Awwalu, nawa ne naka a ciki?"

"Haba Alhaji! Ni da kai 'yan gida ɗaya? Wallahi don Allah nake bin ka."

"To don Allah ka sauka a nan."

Na biya shi wahalarsa, muka rabu. Kwana biyar sun tafi a banza.

Ita wannan kalma, me wanti, na daɗe da sanin ta. A Xintang idan ka ji meyo, wato babu, ka gode wa Allah, an gaya maka gaskiya. Idan ka ji me wanti, to nan ne za ka buɗe kwali ka ƙirga da hannunka.

Ranar Juma'a na tafi masallacin Huaisheng da zuciya a cunkushe. Bayan sallah ina neman takalmina sai na ji an ce a bayana, "Ɗan Kano, wa ya mutu?" Na juya na ga Alhaji Isufu, wani dattijo ɗan Maradi mai safarar injin ban ruwa. Mun taɓa haɗa kwantena shekarun baya. Ya fi ni daɗewa a ƙasar, yana jin yarensu sosai, kuma ba ya raga wa Bakano.

Muka zauna a shagon taliyar Musulmin Sin da ke kusa, na ba shi labari duka, har da na Baba. Ban san abin da ya sa na gaya masa ba. Wataƙila don ya yi kama da ƙanen mahaifina ne wajen cin abinci, yana hura kowace loma.

Ya karɓi wayata ya duba hoton. "Wanga abu ai karaban ne. Ka ce tirela? Ku Kanawa kun iya ciniki, suna ne ba ku iya ba." Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce akwai wata mata can bayan Zengcheng da ke ƙera masa amalanken injin, ya taɓa ganin irin wannan a farfajiyarta. "Ban ce maka waliyyiya ce ba hwa. Na ce dai tana da maƙera."

Na tambaye shi la'adarsa. Ya ajiye cokali ya dube ni.

"Ka biya taliya."

Na biya, amma har muka rabu ina tunanin ta ina zai ci. Haka kasuwa ta mayar da ni, ba na ɓoyewa.

Masana'antar Madam Lin ba ta da kyan gani, shi ya sa ta kwanta mini. Rumfar kwano ce doguwa, ƙasa duk baƙin mai, tartsatsin walda na tashi, kare ɗaure a bakin ƙofa. Ita kanta gajeruwa ce mai saurin magana, da biro a gashinta. Akwai gidaje uku da aka gama a tsakar fili. Na ce ba na son a ƙera mini sabo, lokaci ba zai bari ba, kuma abin da ban gani ba ban saya ba. Zan zaɓi ɗaya a cikin ukun nan a gyara mini.

Na yini a cikinsu. Na kwanta a gado, na yi tsalle a daɓe, na buɗe kowace ƙofa na rufe, na zuba ruwa a rufi na shiga ciki ina neman ɗigo. Na zaɓi na tsakiya. Na sa a cire murhun gashin burodi, a faɗaɗa matakala saboda ƙafar Baba, a sa mariƙi a banɗaki da famfo ƙasa-ƙasa inda buta za ta shiga, a ɗora farantan sola a rufi, a sa babban batir wanda zai riƙe firji har rana ta fito. Alhaji Isufu yana fassarawa, Madam tana rubutawa tana kallona kamar mai tababar hankalina.

Daga ƙarshe na nuna mata bidiyon hanyar gonar, wanda na ɗauka daga cikin fikof ɗina bara: ramuka, yashi, da kwazazzabon da ruwa ya cinye rabin hanya. Ta kalla ta yi tsaki irin nasu, ta ƙwala kira. Wani tsoho ya taso daga gindin wani ƙarfe, siriri, da gilashin walda a goshi da sigari a bayan kunne. Shifu suke ce masa, wato babban maƙeri. Ya kalli bidiyon sau biyu. Ya yi doguwar magana yana nuna gaban gidan, ita tana mayar masa da zafi. Alhaji Isufu ya fita amsa waya a lokacin. Na tambaye ta da hannu, lafiya? Ta ce, "Me wanti."

Na ce a raina, an zo wurin.

A nan zan faɗi wata al'ada tamu. Baba bai yi boko ba. Kowane buhu da ya fito daga gonarsa yana ɗauke da shaidarsa: zane uku da suka haɗu a ƙasa kamar ƙafar kaza, da ɗigo biyu a gefe. Ko a tsakiyar buhu dubu a Dawanau zai gane nasa. Da na fara kasuwanci na gaji shaidar. Duk samfurin da na amince da shi sai na zana masa ƙafar kaza a ɓoye, a cikin aljihu ko bayan lakabi. Sau uku tana ceto na daga musanya a Xintang. Don haka kafin mu tafi na yar da carbina da gangan a gaban gidan, wurin ƙarfe mai kama da wuya wanda ake maƙala wa mota. Na durƙusa kamar mai ɗauka, na zura hannu ta ciki, na karce shaidar da ƙusar da ke aljihuna. Da na miƙe na ga Shifu tsugune can nesa yana hura hayaƙi, idonsa a wani wajen. Na ɗauka bai gani ba.

Aka ce mako uku. Makonnin nan sun fi duk tafiyar wuya. Na koma masaukina, ɗaki ƙarami a hawa na sha ɗaya, tagarsa na kallon bangon wani gini. Zafin garin irin mai danƙo ne, ka yi wanka ka fito kana gumi. Na je Xintang na yi odar wanduna don kada zaman ya tashi a banza, amma hankalina ba ya wurin, har mai ɗinkina ya tambaye ni ko ba ni da lafiya, don ban yi masa faɗa ba. Na gaji da shinkafa da taliya. Wata rana na bi ƙamshin daddawa har hawa na huɗu na wani bene, na tarar wata mata 'yar Gana tana sayar da tuwo da miyar kuka. Na ci malmala uku a tsaye. Ta ƙi karɓar kuɗin ta ukun, ta ce yadda na ci ya isa.

Kullum sai na nemi Madam ta turo hoto. Ta turo na ciki: gado, famfo, matakala. Na ce a turo na waje, na gaba. Sai ta turo hoton babban yatsa da kalmar nan. Na je da kaina ba sanarwa a mako na biyu, aka ce gidan yana ɗakin fenti, ba a shiga. Fentin me, gidan da na zaɓa da fentinsa? Me wanti.

A gida kuwa ruwa ya zauna. Yaya Hajara ta ce Baba ya sa an kira masa mai kula da gonar, ya yi masa tambayoyi awa guda, har ya ce a gyara wuri a gindin tsamiya inda za a ajiye ɗakin. Ta ce, "Ka dai san abin da ka ɗauko. Tsohon nan ya fara ƙirga kwana. Idan ka dawo masa da labari, ni ba ruwana."

Ranar lodi na isa tun da hantsi. Kwantena na kan babbar mota, direba na jira. Dole ta shiga tashar Huangpu kafin a rufe karɓar kayan jirginmu da yamma. Alhaji Isufu yana can tashar da nasa lodin, amma ya riga ya gargaɗe ni cewa za a cire tayoyi da na'urar sanyin rufi don gidan ya shiga, kada in ɗauka sata ce. Na ga an cire kamar yadda ya faɗa. Gidan ya yi kyau. An ɗora shi a kan ƙananan tayoyin turawa, mutum shida na shirin tura shi ciki.

Na yar da carbina. Na durƙusa, na zura hannu.

Sumul. Na shafa sama, na shafa ƙasa, na koma ɗaya ɓarin. Na kunna fitilar waya na kwanta a ƙasa da farar shaddata. Baƙin fenti sabo, ba ko ƙwarzane.

Na tashi na je na zauna a bakin kwantenar, na miƙe ƙafa.

Madam ta zo da gudu. Na ce mata da Turanci da hannu da duk abin da na iya: wannan ba nawa ba ne, an musanya. Ta buga ƙirji, ta nuna famfo, ta nuna matakala. Na ce famfo da matakala ai ana ɗaurawa a kowane gida. Ta yi magana a wayarta ta miƙo mini fassara, wayar ta rubuta wai an yi wa wuya tiyata saboda Afirka. Na ce ni ba a yi mini wannan, na shekara ashirin ina cin abinci a kasuwa. Direba ya dinga danna ham. Ma'aikata suka tsaya cirko-cirko. Madam ta nuna agogo, ta nuna hanya, muryarta na hawa. Shifu ya zo ya kama hannun rigata yana nuna bayan rumfa. Na fizge. Na san wannan dabarar: a janye ka gefe, kafin ka dawo an rufe ƙofa an buga hatimi.

Na kira Alhaji Isufu. Ya ce yana tsakiyar lodi. Na ce ko ya zo ko in kwana a nan. Ya yi salati ya kashe waya. Awa biyu da rabi ina zaune a bakin ƙarfen nan, rana na dukana. Wani ma'aikaci ya ajiye mini robar ruwa, ban sha ba.

Da ya iso ko gaisawa bai yi ba. "Mi ya hwaru, ɗan Kano?" Na gaya masa. Ya juya wurin Madam, ta zazzage masa magana kamar ana juye tsakuwa. Ya saurari Shifu. Sai na ga ya cire hula ya shafa kai.

"Tashi mu tahi baya. Ni zan tsaya maka, ba mai rufe komi."

A bayan rumfa akwai tulin yankakkun ƙarafa. Shifu ya tone, ya jawo wani dogon ƙarfe mai kama da wuya, ya juya cikinsa sama. Ga ƙafar kazata nan, da ɗigonta biyu. Ya ciro ma'auni daga aljihu ya kama kaurin ƙarfen ya nuna mini. Ya ja ni gaban gidan ya kama na sabon. Ya kusa ninka shi. Ya kwanta ya nuna mini ƙarƙashi, inda ya ƙara ganyen sifirin da ginshiƙai biyu.

Alhaji Isufu ya ce, "Tun ranar da Shifu ya ga hanyarku ya ce wancan wuyan na kwalta ne, ramin farko zai karye, ɗakin ya kuɓuce da wanda ke ciki. Ya ce gidan ba ya fita ƙofar nan da aikin hannunsa a haka. Ita ta ce ba ka biya wannan ba, shi ya ce to ta nemi wani maƙerin. Faɗan da suka yi a gabanka ke nan."

"To me ya hana ta gaya mini?"

Ya tambaye ta. Ta watsa hannu ta amsa.

"Ta ce ta gaya maka. Ta ce maka me wanti."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Muka koma gaba, direba ya riga ya tafi wani aikin, kuma ko da yana nan lokaci ya ƙure. Jirgi na gaba sai bayan kwana goma sha, shi ma ba kai tsaye ba.

Tunda lokaci ya samu, na ce a buɗe mini komai. Alhaji Isufu ya ce, "Kai ba ka da ta ido?" Na ce kunya daban, kaya daban. A ƙarƙashin gado na tarar da batir. Lakabinsa daidai da abin da muka yi magana, amma da na ɗaga sai na ji bai kai nauyin wanda aka nuna mini ba. Na sa farce na ɓare lakabin, ga wani a ƙasansa, na ƙaramin batir. Wannan ba zai kai firji asuba ba, allurar Baba ta lalace ba wanda ya sani. Fuskar Madam ta yi ja. Ta ce kuskuren sito ne. Shifu ya juya baya kafaɗunsa na rawa, dariya yake yi.

Ba zan ce batirin ya wanke ni ba. Da shi na fara dubawa, minti goma ya isa a canza, kwantena ta tafi a kan lokaci. Na zargi mai gaskiya na yini guda, marar gaskiyar kuma saura kaɗan ta wuce ni.

Da yamma na kira gida. Yaya Hajara ta fara, ban tare ta ba, don tana da gaskiya. Da ta gaji na ce ta ba ni Baba. Na gaya masa yadda aka yi, ban rage komai ba. Na ce gero zai wuce shi.

Da na gama sai ya tambaye ni:

"Shaidar ka nema ba ka gani ba?"

"E, Baba."

"Ka hana a loda."

"E."

"To ai haka ake yi. Dawa fa?"

"In Allah ya yarda za ka yanki dawa."

"Shi maƙerin, ka ba shi haƙuri?"

"Ban iya yarensu ba, Baba."

"Da ka zarge shi da wane yare ka yi?"

Washegari na koma masana'antar ni kaɗai. Ban san me ake ba mutum irinsa ba. Na tarar da shi yana cin shinkafa a kwanon roba. Na tsuguna a gabansa, na cire hulata, zanna ce mai kyau da na saya don sallah, na miƙa masa da hannu biyu na ce, "Sheshe, Shifu," wato na gode. Ya juya ta, ya duba ɗinkin ciki kamar yadda ni ma zan duba, ya kafa ta a kan gilashin waldarsa. Ma'aikata suka fashe da dariya. Ya tura mini kwanon shinkafar. Na nuna masa na ƙoshi, don ban san da me aka dafa ba, ya gane, ya miƙo mini lemo.

Ranar lodi na biyu na duba batir, na ɗaga shi da hannuna. Na duba firji, tayoyi, sola, har ƙusoshin gado. Ƙusata na aljihu, niyyata in sake karce shaida a sabon wuyan. Da na zo gaban gidan na tarar Shifu tsaye a wurin da hulata a kansa, yana kallona. Na riƙe carbin, ban yar ba. Aka tura gidan, aka rufe, aka buga hatimi. Tun da na fara sana'a wannan ne kaya na farko da na bari ya hau teku ba shaida.

Na bi motar har ƙofar Huangpu, na tsaya ina kallo ta shige cikin dubban irinta. Alhaji Isufu ya dafa ni ya ce, "Yanzu sai ka zargi teku." Har yau ban gano ta inda ya ci ba. Na fara tunanin taliyar ce kawai.

Abin da tashar Legas ta yi mini labari ne na daban, ba zan ɓata wannan da shi ba. An yanke gero Baba na kan kujerarsa. Ya rame, amma kullum da safe sai ya tambayi inda jirgi yake, ni kuma in nuna masa ɗigo a waya a tsakiyar shuɗi.

Dawa ta sunkuyar da kai ranar da muka ja gidan zuwa gona. Baba na gaba kusa da ni, Yaya Hajara na baya da kulolin abinci da jakar magani, tana salati a kowane rami. A kwazazzabon nan fikof ta nutsa ta fito, na ji gidan ya daki ƙasa ya tashi, wuyan ya yi ƙara amma ya riƙe. Muka tsaya a gindin tsamiya.

Baba ya sauko da sandarsa. Bai kalli gado ba, bai kalli firji ba. Ya zagaya gidan a hankali yana ƙwanƙwasa jikinsa kamar mai sayen bijimi. Da ya zo gaba ya tsaya.

"Ina shaida?"

"Babu, Baba. An yanke ta a can, ban sake yi ba."

Ya dube ni yadda yake dubana ina yaro idan na bar ƙofar garke a buɗe. Ya dogara da sanda ya sunkuya, Yaya Hajara na cewa a bi a hankali da ƙafar. Ya zura hannu ta cikin ƙarfen, daidai inda mai shaida zai sa shaida. Hannun ya tsaya.

"Zo nan."

Na durƙusa na leƙa. Ƙafar kaza ce, da ɗigo biyu a gefe, ba karce ba, an zana ta da wutar walda, ta yi tudu a jikin ƙarfen, an shafe ta da baƙin fenti.

Baba ya bi ta da yatsa, zane ɗaya bayan ɗaya.

"Hannunsa ya fi naka kyau," ya ce.

Ya miƙe, ya juya wajen dawa, ya ƙwala wa masu yanka kira da muryar da na shekara biyu ban ji ba, yana tambayar wanda ya ce su fara ta gabas. Sannan ya zauna a kan matakala, ya ajiye sanda a gefe.

"Hajara, me kika zo da shi a kular nan? Buɗe, yunwa nake ji."